Kuɗi Hannu a Kano, Bashi a Gida

Da an gama kaka, an sayar da gero da wake da riɗi, sai gini ya tashi a ƙasar Kazaure. Daga Gwiwa zuwa Korayel, daga Dabi zuwa Roni, duk unguwar da ka ratsa za ka tarar da tulin yashi a ƙofar wani gida, ko bulo a jere yana shan rana. Wani ɗaki zai yi wa ɗansa da za a aurar bayan salla, wani katangar da damina ta kayar zai tayar, wani kuma rufin ƙasa zai cire ya sa kwano. Dukansu kuwa akwai tambayar da ke jiransu kafin a kafa tubalin farko: ina za a sayo kayan?

Hanya biyu ce a gaban mai gini. Ko dai ya taka zuwa shagon da ke bakin kasuwar garinsu, ko na Kazaure, wurin mutumin da ya san shi ya san mahaifinsa, ko kuma ya yi sammako ya bi ta Dambatta ya shiga Kano. A can akwai Ƙofar Ruwa, inda rodi da kwano da ƙofofin ƙarfe suke jibge kamar ba za su ƙare ba, akwai kuma 'Yan Katako a Na'ibawa, inda manyan motoci ke sauke katakon da aka yanko daga dazuzzukan kudu. Yanzu ma ba sai ya je ba. Zai iya ganin hoton kaya a WhatsApp, ya tura kuɗi ta waya, direba ya kawo masa har ƙofar gida.

Yawancinmu lissafi muke ɗaukar wannan tambaya, mu ce duk inda ya fi sauƙi can za a je. Ni kuwa ina ganin akwai hakki a cikinta. Shin idan na ɗauki kuɗina na wuce shagon maƙwabcina na kai wa babban dila a birni, na zalunce shi? Idan kuma na saya a wurinsa da tsada don kunya, na zalunci iyalina?

Wannan muhawara ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka an kafa kamfanin Home Depot a 1978, yau yana da manyan shaguna sama da 2,000, kowanne kamar kasuwa guda a ƙarƙashin rufi ɗaya. Mutum zai shiga ya ɗauki katako da fenti da famfo, farashi a rubuce, ya biya ya karɓi rasit, idan kaya bai yi masa ba ya mayar cikin kwanakin da aka ƙayyade. Ƙananan masu sayar da katako na garuruwa da yawa sun kasa jure wannan gasa, kuma har yau Amurkawa na gardama a kan abin da suka samu da abin da suka rasa. Mu nan irin wannan shago bai kafu ba tukuna. Ko Shoprite da ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, wadda ma kayan masarufi take sayarwa, ta rufe reshenta na Kano a farkon 2024. Babban shagonmu shi ne babban dila, mai ɗauko tirela kai tsaye daga kamfani. Yana da arahar manyan shagunan Amurka, amma sau da yawa ba shi da alƙawarinsu, don rasit ɗin da zai ba ka galibi a ƙasansa an rubuta cewa kayan da aka saya lafiya ba a dawo da shi.

Bari mu fara ba mai zuwa Kano gaskiyarsa, domin yana da ita. Ciniki a Musulunci da yardar juna ake yin sa, kuma babu malamin da ya taɓa cewa wajibi ne ka sayi kaya a wurin wane don kuna salla a masallaci ɗaya. Kuɗin da manomi ya tara na gini guminsa ne na damina biyu ko uku, wani ma sai da ya sayar da sa. A ce bambancin farashi naira 500 ne a kowane buhun siminti, shi kuma buhu 100 yake buƙata. Naira 50,000 ke nan, kuɗin da zai iya biyan lebura ko ya sayi tagogi. Wanda ya ce masa ya bar wannan kuɗi don zumunci, da aljihun wani yake kyauta. Bugu da ƙari, shi kansa mai shagon garin a Kano yake saro kayan. Simintin Dangote da aka yi a Obajana ta jihar Kogi, ko na BUA da aka yi a Kalambaina ta Sakkwato, buhu ɗaya ne mai kilo 50, ko a Ƙofar Ruwa ka saye shi ko a Gwiwa. Ashe mai zuwa birni hannu ɗaya kawai ya tsallake a cikin jerin hannayen da kaya ke bi. Idan wannan laifi ne, to duk matar da ta tsallake mai awo a unguwa ta je kasuwar ƙauye ta sayi buhu, ita ma ta yi laifi.

Sai dai farashin da ake faɗa a baki ba shi ne dukan kuɗin kaya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi wa lissafi na musamman. Akwai kuɗin lodi, akwai na saukewa, akwai abin da ake bayarwa a hanya, akwai tayil da zai fashe da kwanon da zai lanƙwashe, akwai yinin da mutum ya bari bai yi aikinsa ba. Wanda zai sayi kayan gida guda, wannan duka zai narke a cikin rangwamen da ya samu. Wanda zai sayi bandir biyu na kwano da katako talatin, sau da yawa zai dawo ya tarar ya sha wahala ne kawai.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin mota nauyi, wato sanin kaya. Kayan gini suna da wani hali da ya bambanta su da tumatir ko atamfa. Aibinsu ba ya fitowa ranar ciniki. Katakon da aka yanka bai bushe ba, a ido lafiya lau yake, sai an kafa shi, zafin watan Afrilu ya bi ta kansa, sannan ya murɗe ya ɗaga ƙusa. Katakon da ba a shafa masa magani ba, gara za ta cinye cikinsa ta bar ɓawo, mai gida bai sani ba sai ranar da iskar farkon damina ta zo. Rodin da aka ce mili 12 ne, wani idan aka auna bai kai ba. Kwano akwai mai kauri akwai shara-shara, dukansu suna ƙyalli ranar da aka sauke su. Simintin da ya daɗe a ajiye ko ya sha danshi ƙarfinsa ya ragu, buhunsa kuwa bai canza ba. Mai sayarwa ya san duk wannan, mai saye kuwa a rayuwarsa wataƙila sau ɗaya ko biyu zai yi gini.

Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a kan irin wannan kasuwa a 1970, inda ya ɗauki misalin tsofaffin motoci. Ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da marar kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, shi kuma mai kaya mai kyau ba zai sayar da asara ba, sai ya janye, kasuwa ta koma hannun masu jabu. Aikin na daga cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Amma duk almajirin da ya yi karatun zaure ya riga ya ji labarin matsalar. Ya ji yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tulin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma yi tir da wannan algus. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, a babin ciniki ta hana ɓoye aibin kaya, ta kuma ba wanda ya gano aibi bayan saye damar mayarwa. Hukuncin yana nan daram. Abin tambaya shi ne, wa za ka mayar wa?

A nan ne mai shagon gari yake da abin da babban dila ba shi da shi. Ba zai iya gudu ba. Gobe za ku haɗu a ɗaurin aure, jibi a jana'iza. Idan katakonsa ya murɗe a kan ɗakinka, kafinta zai faɗa, maƙwabta za su ji, kafin mako ya zagayo labari ya kai majalisar mai shayi. Mutuncinsa shi ne garantinsa, kuma a ƙaramin gari mutunci jari ne da ba a sake saro shi idan ya ƙare. Babban dila a Kano yana iya zama mutumin kirki mai tsoron Allah, da yawansu haka suke, amma ku biyu ba abin da ya ɗaure ku bayan mota ta tashi. Shi yana ganin fuska ɗari a yini, taka ɗaya ce daga ciki.

To amma kada mu yi wa na gida kwalliyar da ba tasa ba. Kunyar da ke hana shi cutar ka, ita ce kuma take hana ka yin magana idan ya cuce ka. Mutum nawa ne aka kawo musu ɗanyen katako daga shagon surukinsu suka haɗiye, don kada a ce sun tozarta babba? Akwai 'yan kasuwar da suka gane wannan sarai, suna sayar wa baƙo kaya mai kyau don baƙo zai duba ya yi ciniki, su tura wa ɗan uwa ragowar don sun san ba zai buɗe baki ba. Akwai wanda ya san shi kaɗai ne mai siminti a garin, sai ya sa farashin da ya ga dama, idan ka yi ƙorafi ya ce ai kai na gida ne, bai kamata a ji haka daga bakinka ba. Wannan cin amana ne da rigar zumunci, kuma ya fi na baƙo ciwo. Duk wanda ya gudu Kano saboda irin wannan, ba shi da laifi ko kaɗan.

Akwai kuma mutum na uku da ba a cika ambata ba, wato magini ko kafinta. Mai gida bai san kaya ba, don haka da idon magini yake saye. Idan magini ya dage sai shagon wane, wani lokaci don ya san kayan wurin ne, wani lokaci kuma don akwai la'adar da ake ajiye masa a ɓoye. Dillanci sana'a ce halattacciya idan kowa ya san da ita. Amma wanda ka ɗauka ya duba maka, kana biyan sa, shi kuma yana karɓa a ɗaya ɓangaren ba ka sani ba, ya sayar da idon da ka yi haya. Wannan cuta tana nan a shagon gari, tana nan a Ƙofar Ruwa, kuma ita ce ke sa a rufe aibin kaya da filasta.

Duk da haka, ni inda nake ganin ainihin zaluncin yake, a wurinmu ne masu saye, kuma shi ne wanda ba ma so a taɓo. Dubi yadda muke yi. Ranar da kuɗi ya shigo, an sayar da amfanin gona ko an ɗauki adashi, sai mu ɗauki mota mu tafi Kano mu zube kuɗi hannu, ko sisi ba za a bi mu ba, don mun san can ba a san mu ba. Gini ya yi nisa, kuɗi ya ƙare, saura buhu bakwai a gama daɓe, saura ƙusa kilo biyu, kafinta na kan rufi yana jira. Sai a tura yaro wurin Alhaji mai shago, a ce ya bayar a rubuta, za a kawo bayan kasuwa. Bayan kasuwar nan sai ta zama bayan kaka. Shi kuma ba zai iya hanawa ba, don idan ya hana a ce ba shi da mutunci.

Ka ga ke nan ribar cinikin mun kai wa wanda bai san mu ba, nauyinsa kuma mun ɗora wa wanda ya san mu. Mai shagon gari ya zama banki marar ruwa, marar jingina, marar ranar biya. A shekarun nan da farashi ke tashi kusan kowane wata, buhun da ya ba ka bashi a watan Maris, kuɗin da za ka kawo masa a Nuwamba ba zai sayo masa wani buhun ba. Bai ce komai ba, amma jarinsa ya ragu. Kuma wani ɓangare na tsadar da muke zargin sa da ita, bashin da muke riƙe masa ne ya jawo ta, domin dole wanda ya biya ya ɗauki nauyin wanda bai biya ba. Mu ne muke sa kayansa tsada, sannan mu kafa hujja da tsadar mu wuce shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba wanda ya ce cin sa laifi ne. Laifin shi ne ka mayar da mutum wurin cin bashi kawai.

Akwai ƙaramar sata kuma da ke tafe da wannan. Mutum zai je shagon gari ya zauna, a kawo masa ruwa, ya ce ɗaki ƙafa 12 ne, katako nawa zai ci, wane kwano ya fi, wane fenti ke jure rana. Mai shago ya zauna ya lissafa masa tsaf da ilimin shekara ashirin. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce zai dawo, alhali tun daga gida ya san Kano za shi. Tambayar farashi ba laifi ba ce, kwatantawa ma haka. Amma wanda ya shiga da niyyar kwasar sani ya fita, ya ɗauki wani abu bai biya ba, ko da ba alƙalin da zai kama shi.

Wani zai ce, to ai kasuwa ke nan, wanda ya kasa ya rufe, wani ya buɗe. Gaskiya ne, amma a duba wa zai ji a jikinsa idan ya rufe. Mai kuɗin hayar mota ba abin da ya dame shi. Wanda zai sha wuya shi ne wanda iska ta yaye wa rufi da daddare a watan Yuni, yana neman fallen kwano biyar kafin hadarin gobe. Ita ce gwauruwar da take sayen buhu ɗaya yau, ɗaya bayan wata biyu, har ta tayar wa marayunta ɗaki. Mutanen Jigawa ba su manta da daminar 2022 ba, yadda ruwa ya rushe gidaje a sassan jihar da dama, kuma a irin wannan lokaci ba kowa ke da halin zuwa Kano ba. Shagon kayan gini a ƙaramin gari kamar rijiyar unguwa yake. Mai famfo a gida yana iya cewa ba ruwansa da ita, har ranar da famfon ya ƙafe.

Kakanninmu ba su san wannan matsala da irin fuskarta ta yau ba, don kayan gininsu a ƙafarsu yake. Ƙasa daga kududdufi, tubali da hannu, azara daga giginya wadda gara ba ta iya mata, makuba daga ɗorawa. Da irin waɗannan kaya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19, aikin da har yau masana gine-gine ke zuwa kallo. Kuɗin gini a lokacin a gari yake zagayawa. Yau siminti daga Kogi ko Sakkwato ko Ashaka, katako daga kudu, tayil da makullai wasu daga Sin. Kusan duk nairar da aka kashe a gini fita take yi daga ƙasar Kazaure. Abin da ke saura shi ne ladan magini da lebura da mai yashi, da 'yar ribar mai shago, wadda da ita yake biyan yaran shagonsa, yake sayen hatsi a wurin manomin da ya wuce shi ya tafi birni.

Ba ina cewa a mayar da ciniki sadaka ba ne. Ɗan kasuwar da ake saye a wurinsa don tausayi ba zai taɓa gyara kayansa ba. Abin da nake ganin ya dace ya fi haka sauƙi. Kafin ka tafi Kano, ka je wurin na gida da gaskiyarka, ka ce Alhaji ga abin da aka faɗa mini a Ƙofar Ruwa, ga kuɗin mota, kai nawa za ka iya yi mini idan zan biya yanzu? Sau da yawa wanda ya ga kuɗi hannu na kaya mai yawa zai sauko, don shi ma a mota ɗaya zai haɗo da nasa. Idan ya kasa, ka tafi da zuciya ɗaya, ka ba shi hakkinsa na farko. Kayan da kamfani ya rufe ya buga wa suna, wanda duk inda ka je iri ɗaya ne, nemi inda ya fi sauƙi, ka dai duba kada ya kwana biyu a sito. Kayan da sai an sa ido da hannu, irin katako, ya fi kyau a saye shi wurin wanda za ka iya komawa ka same shi. Wanda kuma ka san za ka nemi lamuninsa a ƙarshen gini, ka ba shi rabo daga kuɗin farkon gini. Idan ka ci bashinsa ka sa rana, a rubuta, ka cika, ko ka je da ƙafarka ka ba da uzuri kafin ya aiko.

Shi ma mai shago akwai nasa. Ya faɗi gaskiyar kaya, ya ce wannan ɗanye ne, a jingine shi ya sha iska, wannan rodin bai cika ba shi ya sa ya fi araha. Talaka yana da ikon sayen mai araha idan ya san abin da ya saya, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ya daina jin haushin wanda ya tambayi farashi a wani wuri, don waya ta riga ta shiga hannun kowa, kuma farashin Kano ba asiri ba ne yanzu. Ya karɓi kayan da aka dawo da shi saboda aibi ba tare da ɗaure fuska ba. Wanda ya yi haka ba ya buƙatar roƙon kowa da zumunci, kafintocin gari ma sun ishe shi talla.

A ƙarshe, duk cinikin kayan gini akwai waɗanda ba sa wurin lokacin da ake yin sa, kuma su ne za su kwana a ƙarƙashinsa: matar gida, yara, tsohuwa, baƙon da aka sauka. Ba su ga katakon ba, ba su auna rodin ba, sun dai yarda cewa waɗanda suka yi cinikin sun ji tsoron Allah. Mai saye da ya matse kuɗi har aka ba shi abin da ba zai ɗauki rufi ba, da mai sayarwa da ya yi shiru a kan aibi, da maginin da ya karɓi la'ada ya kau da kai, dukansu da rayuwar waɗannan suka yi ciniki. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma kafin mai ɗaki ya sani, akwai wanda ya riga shi sani tun ranar da aka ɗora kayan a mota. Allah Ya sa kada mu zama shi, ko a wane gefen kanta muke tsaye.